Mai girka famfo da mai sayar da shi

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba ni fili in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Injiniyan lantarki ne ni, ina girka wa masu noman rani famfon sola a Jiratawa, kusa da Maradi. Ƙanena kuwa ko koleji bai gama ba, rumfa gare shi a babbar kasuwa, yana shigo da famfunan ta garin Ɗan Isa da ke kan iyakar Najeriya. Ribarsa a famfo guda takan fi ladana na kwana uku cikin rana.

Ban ce haram yake ci ba. Maradi garin alhazai ne tun zamanin cinikin gyaɗa, kuma ƙanen nawa shi ke zuba jari, shi ke bai wa manomi bashi har a girbe, shi ke asara in canji ya juya. Amma ranar da famfo ya ƙone, ni ake kira.

Shawarata, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta riƙa koya wa ɗalibanta yadda ake sa wa aiki kuɗi. Ni bana na fara karɓar jika biyar na duba rijiya kafin in taɓa komi. Mutum biyu sun gudu, sauran sun biya.

Naku,
Wani injiniya, unguwar Zariya, Maradi