Kafin jirgi ya iso Daura, a je a dubi Funtuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan jirgin ƙasan da muke jira a nan Daura.

Tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, wanda zai ratsa Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, hirar majalisa a garinmu ta koma ta filaye. Wane ya sayi fuloti kusa da inda za a yi tasha, wane ya karɓi diyyar gona ya ƙara aure. Ban ga laifin kowa ba. Sai dai ni a garin jirgi na tashi, kuma ban ji ana tambayar abin da ya fi damuna ba: idan tarago ya tsaya a Daura, me za mu zuba a ciki?

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar Daura da niyyar cin rani na wata huɗu a Funtuwa, sai ga shi ya shekara 22 yana dako a tasha. A can aka haife ni. Funtuwa ba tsohon birni ba ce. Maska ce mai tarihi a yankin, garin masaƙa da marina, shi ya sa har gobe Sarkin Maska ake ce wa hakimin Funtuwa. Abin da ya ɗaga ta shi ne dogon da Turawa suka ja daga Zariya, ya bi ta nan ya wuce Gusau, ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929. Ba don ƙaunarmu suka shimfiɗa shi ba, auduga suke so. Ƙasar Bakori, Ɗanja, Faskari da Malumfashi tana ba da ita, masaƙun Ingila suna jira. Kamfanin BCGA, na Turawan Ingila masu harkar auduga, ya kafa injin gurza, kuma unguwar da ke wurin har yau da sunan kamfanin ake kiran ta, ko da yake yaran yanzu ba su san ma'anar haruffan ba. Birnin Katsina kansa, da sarkinsa da ganuwarsa, bai ga dogo ba. Jakuna da raƙuma, daga baya lori, su ke kai kayansa inda jirgi yake.

Wanda bai ga Funtuwa da kaka ba a wancan zamani ba zai gane abin da nake nufi ba. Da an buɗe fulotin auduga, tun asuba jakuna ke shigowa da buhuna. Malamin sikeli yana zaune da biro a kunne, mai duba kaya ya cusa hannu cikin buhu ya ce wannan lamba ɗaya ce, waccan lamba biyu, manomi ya rantse da Allah an zalunce shi. Daga nan sai gidan gurza, a raba zare da angurya, a matse dila, su Baba su ɗauka a ka zuwa tarago. Fararen ɓurɓushin auduga har cikin miyarmu. Jiniyar jirgi ita ce agogon unguwa. Inna takan ɗora tukunya da jin ta. Da ya tsaya kuwa, sai 'yan talla su yi caa a tagogi da ƙosai, rake, dafaffen ƙwai da fura, kowa na neman a miƙo kuɗinsa kafin a ja.

Halin garin ma daga tasha ya samo shi. Maƙwabcinmu na dama Bayarabe ne mai gyaran agogo, na hagu Banufe, a bayanmu ma'aikacin reluwe ɗan ƙabilar Ibo wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ba a tambayar ka ɗan gidan wa ne, sana'arka ake tambaya. Ina ganin shi ya sa garin ya karɓi Mamman Shata, mutumin Musawa, ya zama nasa, ko da yake mu Daurawa muka samu kabarinsa a 1999. Kada in yi ƙarya in ce duk alheri ne. Akwai bariki da caca da abin da baki ba zai faɗa ba, kuma mun sha bulala a kan zuwa tasha bayan isha'i.

Yadda abin ya lalace ba ya buƙatar dogon bayani. Kwalta ta zo, manyan motoci suka ƙwace lodi, taragai suka tsufa ba gyara. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, manomi ya ga masara ta fi masa. Yanzu kuma ga 'yan bindiga sun hana wasu zuwa gona. Funtuwa ba ta mutu ba, domin tana kan mahaɗar hanyoyin Zariya, Sakkwato da Katsina. Amma zuwana na ƙarshe na tsaya a inda Baba yake sauke dila, ciyawa ta kai gwiwa, awaki na kwance a kan dogo.

Ga wani abu da abokan hirarmu na majalisa ba su cika sani ba. Faɗin tsohon dogo milimita 1,067 ne, sabon kuwa 1,435. Jirgin da zai zo Daura ba zai iya hawa layin Funtuwa ba. Ke nan arewacin Jihar Katsina zai samu sabon layi, kudanci mai noma da tashar tsandauri ta Funtuwa, inda ake lodi da sauke kayan ƙasashen waje, yana kan tsohon, ba su haɗu ba. Ya kamata wakilanmu su tashi su yi magana a kan wannan.

Mu kuma a nan ba mu rasa kaya ba. Ga shanu da tumaki da ke cika kasuwar Mai'aduwa kowace Lahadi, waɗanda ake cusawa a tirela su yi kwanaki a tsaye kafin su kai kudu. Ga riɗi, wake da gero, ga noman rani a madatsar Sabke. Abin da nake so in ji shi ne ina za a gina sito, ina za a yi wurin lodin dabbobi, kuma ko za a bar wa mai ƙosai da ɗan dako wurin tsayawa ko katanga za a zagaye tashar da ita. Ɗaliban Jami'ar Sufuri da ke garinmu ma ai wannan ne aikinsu. Sannan, 'yan'uwana Daurawa su yi haƙuri da ni, mu mutane ne masu ji da asali, kowa jikan Bayajida. Jirgi baƙi yake kawowa, kuma sai an ba su wurin zama.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka tura wakilinka Funtuwa da na'urar ɗaukar magana ya zauna da tsofaffin ma'aikatan reluwe da 'yan dako. Cikin abokan aikin Baba biyu suka rage, ɗaya ma kunne ya fara yi masa nauyi. Idan wakilin ya shirya, ni zan raka shi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani tsohon malamin makaranta, Daura