Barka da Sallah daga Shikago

Assalamu alaikum Baba da Inna, da kowa na gida. Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana. A nan an yi idi a zauren haya, aka watse kowa ya koma bakin aiki. Abinci dai an ci, amma ko gangar kirki ban ji ba. Na san yanzu 'yan kalangu sun tare ƙofar gida suna kiran sunan Baba, yara na bin su da sababbin kaya. Wayyo gida!

Rashin gangar nan yana da tarihi. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, Karolina ta Kudu, a nan Amurka, ta yi doka a 1740 ta hana bayi buga ganga. Sai suka koma ga tafi da buga ƙafa da murya, suka riƙe amshi a gonakin auduga: ɗaya ya ja waƙa, saura su karɓa, kamar 'yan amshinmu.

Daga nan kiɗan baƙaƙen Amurka da ake kira buluz ya fito, a yankin Misisipi. Baitinsa layi 3 ne: a rera na farko, a maimaita shi, na uku ya ba da amsa, duka cikin awo 12, kowane awo bugu 4. Bayan kowane layi jita ce ke amsawa. Makaɗi yakan zura ɗan yatsa cikin wuyan kwalba ya riƙa zame shi a kan tsirkiya, sautin ya fito kamar kukan mutum. Hannu dai ya zama da sauƙi, don in ya danna har kwalbar ta taɓa jikin jitar, sautin ya lalace. Wani makaɗi, Muddy Waters, ya kawo salon nan Shikago a 1943, ya koma jita mai lantarki saboda hayaniyar gidajen rawa tana danne ta katako.

Waƙoƙin bishara na Kiristocinsu ma a nan suka kafu. Thomas Dorsey, wanda dā makaɗin buluz ne, ya shigar da wannan salo coci, a 1932 ya fara jagorantar mawaƙan cocin Pilgrim Baptist. Da fari wasu fastoci sun ƙi, suna cewa kiɗan mashaya ne. Tafin 'yan cocin a bugu na 2 da na 4 yake. Baƙo sai ya tafa a na 1 da na 3, nan take a gane shi. Ran Lahadi daga titi ake jiyo su, kuma gaskiya sun iya.

A gaida Kawu da iyalinsa, da Gwaggo, da maƙwabta. A gaishe min da Kaka sosai da sosai, a ce mata maganin gwiwar yana hanya, ta daina hawa tudun kasuwa, kuma goron sallarta yana cikin saƙon da na turo wa Yaya. Auta kuma, gobe ya ɗauko min muryar 'yan kalangu a waya, ko ta minti biyu ce.

Wassalam, ɗanku.