Umma, Barka da Sallah daga Ingila

Birmingham, daren 10 ga Zulhajji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Umma, barkanmu da Sallah. Ina fata kun sauko daga Idi lafiya, an yi layya lafiya. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana, Ya dawo da alhazanmu gida lafiya. A gaishe mini da Baba da kyau, a ce masa mai sunansa ya cika sati 11 jiya, ya fara dariya, kuma kowa ya gan shi sai ya ce goshin nan na kakansa ne. Maigidan ma yana miƙa gaisuwa, gobe zai kira da kansa. Ki karanta wa Baba zuwa nan ki tsaya. Abin da ya rage maganarmu ce ta mata, ke da Gwaggo da Auta.

Da bazara agogonmu da naku ɗaya ne, saboda haka duk yinin nan ina biye da ku a raina. Da goma ta yi na ce yanzu an kayar da rago. Da la'asar na ce yanzu ƙamshin suya ya cika tsakar gida, yara na ta shigowa karɓar barka da Sallah. Mu a nan ba a yanka a gida, wurin mahauci ake biya, sai gobe ko jibi za a karɓo naman a leda. Rana kuma ba ta faɗi ba sai bayan tara na dare.

A filin shaƙatawa na Small Heath muka yi Idi, cikin dubban mutane, 'yan Pakistan da Somaliya da Yaman da mu 'yan Afirka ta Yamma. A can ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru. Liman yana cikin huɗuba, yaron yana barcinsa a keke, sai jaririn wata mata a sahun baya ya fashe da kuka. Nan take na ji ƙirjina ya ɗauki tsira-tsira kamar ana soka mini allurai ƙanana, kafin in ankara nono ya ɓalle, ya jiƙa audugar da na sa a rigar mama, ya fito har kan leshin Sallar da kika aiko. Na harɗe hannuwana a ƙirji na danne da ƙarfi kamar yadda aka koya mini, cikin minti ɗaya ya tsaya. Wata dattijuwa Basomaliya da ke gefena ta miƙo mini hankici mai tsabta ba tare da ta ce komai ba, ta dafa kafaɗata. Sai na ji kamar hannunki ne.

Umma, ki yafe mini. Tun da na haihu, duk sanda kika tambaya a waya ko nono ya kawo, ko yana isarsa, sai in ce alhamdulillahi. Gaskiya na faɗa, amma rabinta. Na ɓoye sauran ne don kada hankalinki ya tashi kina nesa, ga shi takardar bizarki ba ta fito ba, ba ki samu zuwa yi mini wanka ba.

Kwana uku da haihuwa, bayan dakashi, nono ya kawo kamar da bakin ƙwarya. Ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse. Da yaron ya kama ya yi zuƙa biyu ko uku, sai ruwan ya taho masa da ƙarfin da ba zai iya haɗiyewa ba. Ya ƙware, ya yi tari, ya saki, ya banƙare yana tsala ihu, nonon kuma yana ci gaba da feshi a fuskarsa har cikin ido. Ɗayan ɓangaren yana tsiyaya shi kaɗai. Idan ya samu ya sha, sai tumbuɗi, sai kumburin ciki, sai kashi kore mai kumfa. Ni kuwa ina farkawa tsakar dare in tarar da zanin gado jagab, ga sanyin ƙasar nan. Akwai ranar da na canza riga sau biyar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin ɗana yana jin yunwa yana kuma tsoron nonona. Sai na tuna hirar da Gwaggo take yi mana ta yadda ake gwada nonon mai jego a da, a tatsa a ludayi a jefa tururuwa, in ta mutu a ce nonon mugu ne a hana yaro. Wallahi na zauna ina kuka ina tunanin ko nawa irin wannan ne. Ban iya faɗa wa kowa ba, domin ko 'yan'uwanmu Hausawa da ke nan, da na ɗan taɓa maganar sai suka ce in gode wa Allah, wasu nema suke ba su samu ba. Ina godiya, ni'ima ce. Amma yaron yana wahala, ni ma ina wahala.

Na kuma yi kuskure ɗaya babba. Maigidan ya sayo mini injin tatsa, ni kuma duk sanda yaron ya gama sha sai in tatse sauran tas don in sami sauƙi. Ashe ƙara wa wutar itace nake yi.

A nan, bayan ungozoma ta gama zuwa gida a kwanakin farko, akwai ma'aikaciyar lafiya mai ziyarar masu jego da ke karɓar aikin. Ita ta auna yaron ta ga yana ƙara kusan giram 400 a sati, ninkin abin da aka saba gani, sannan ta zauna ta kalli yadda nake shayarwa daga farko har ƙarshe. Ta ce nonona lafiya lau yake, abu biyu ne suka haɗu: ya yi yawa, kuma yana sauka da ƙarfi. Ta bayyana mini cewa akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke saki, oksitosin, wanda ke matse 'yan jakunkunan da nono ke taruwa a ciki ya turo shi waje. Yana aiki a ɓangarorin biyu lokaci guda, shi ya sa ɗayan ke zuba. Tsotson yaro yana tayar da shi, haka ma kukan jariri ko da na wata ne, ko tunanin ɗanki, ko ruwan ɗumi. Shi ne ma ke sa mai jego ta ji mararta tana murɗawa idan tana shayarwa a kwanakin farko. Yawan nonon kuwa kamar rijiya ne, iya jan da aka yi iya ruwan da za ta kawo. Injin nan yana faɗa wa jikina cewa 'yan biyu na haifa. Koren kashin kuma, nono ne ke shiga cikin yaron da yawa da sauri, sukarin da ke cikin nonon ya fi ƙarfin hanjinsa, sai ya yi ta iska.

Abin da ya fi komai taimakona shi ne sauya zama. Mu mun saba mu miƙe ƙafa mu sunkuya a kan yaro, shi yana ƙasa nono yana sama, sai ruwan ya gangaro masa kamar indararo. Yanzu kishingiɗa nake yi a kan matasai, in kwantar da shi rub da ciki a jikina, kansa ya fi nonon tsawo. Ta haka ruwan hawa yake yi, yaron yana ja daidai ƙarfinsa, in ya yi masa yawa ya ɗaga kai da kansa. Ranar farko da ya sha a haka ya ƙoshi bai ƙware ba, ya yi barci a ƙirjina, na daɗe ban motsa ba don kada in tashe shi. Da dare kuma kwanciyar gefe muke yi, da tawul a ƙasanmu, abin da ya fi ƙarfinsa ya zubo ta gefen baki. Idan na ji tsira-tsiran nan ya taho, sai in sa ɗan yatsa a gefen bakinsa in cire shi a hankali, in tare feshin da tsumma, in ya lafa in mayar da shi. Ina ba shi tun kafin yunwa ta ci shi, don mai yunwa zuƙa yake da ƙarfi, ina kuma ɗaga shi ya yi gyatsa a tsakiyar sha.

Injin na ajiye shi. Na yi 'yan kwanaki ina ba shi ɓangare ɗaya kawai na tsawon awa 3, sannan in koma ɗayan. Wanda ke jira in ya cika har yana ciwo, sai in tatsa kaɗan da hannu, iya abin da zai sassauta, in ɗora tsumma mai sanyi. Wannan dabarar ba a yin ta da ka, sai an tabbatar nonon yawa ya yi kuma yaro yana ƙiba, domin tana iya rage shi fiye da yadda ake so. Audugar rigar mama kuwa da ta jiƙe ake canzawa, in an bar ta tana sa kan nono ya yi rauni. Na kuma gane atamfa mai zane ta fi yadi mara ado rufa asiri.

A sati na biyar gefe guda ya yi ja, ya yi zafi, sai ga zazzaɓi da rawar ɗari kamar na cizon sauro. Ban daina ba shi wannan nonon ba, haka aka ce in yi. Da kwana ya zagayo ban ji sauƙi ba na ga likita, ya ba ni maganin da bai hana shayarwa, na warke. Ya ja kunnena kada in bari a murza wurin da ƙarfi, don murzar tana ƙara kumburin.

Sun ba ni shawarar in bayar da rarar nonon ga asibiti, inda ake tara shi don jariran da aka haifa bakwaini. Aikin alheri ne, raina ya so. Amma na tuna karatun Baba cewa a mazhabarmu ta Malikiyya shan nono ko kaɗan ne yana ƙulla 'yan'uwanta ya haramta aure, ni kuma ba zan san wanda ya sha ba, sai na dakata. Daga karatun nasa ne ma na san nonon mace ba najasa ba ne, bai karya alwala, bai hana salla da tufafin da ya taɓa. Wannan ya sauke mini nauyi ƙwarai.

An ce mini yawanci tsakanin sati 6 zuwa 12 jiki yake gane iya abin da yaro ke buƙata, kuma haka na gani. Yanzu sai jefi-jefi, irin na yau.

To, Umma, ga roƙona. Auta ta shiga wata takwas, kuma gida za ta zo wanka. Idan jaririnta yana kama nono yana saki yana kuka, don Allah kada a yi saurin cewa nonon bai isa ba ko ba shi da kyau, har a kai ga ɗura masa ruwa ko madarar gwangwani. A duba ko ƙwarewa yake yi, a duba ko yana jiƙa nafkin sau shida ko fiye a yini, a kai shi awo. A bar shi ya sha dakashinsa, rigakafinsa na farko ke nan, kuma nono zalla ya ishe shi har wata 6 ko da zafin Katsina, tunda mafi yawansa ruwa ne. Sai maganar kunun kanwa. Na san da ƙauna kike dama shi, kuma da shi kika yi jegonmu duka. Amma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ga shi ƙafafun Auta suna kumbura. A dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya, a sirka ruwan wankan, a riƙa auna jininta. Ki lallashi Gwaggo a kan wannan, ke kaɗai take ji.

Auta, ke kuma duk abin da kika ji a jikinki ki faɗa wa Umma, kada ki yi shiru irin nawa. Na sayo miki audugar rigar mama mai wankuwa da 'yan kayan jariri, suna wurin wata maƙwabciyarmu da za ta taho bayan Sallah. In za ta dawo, a ba ta kuka da busasshiyar kuɓewa da yajin jego. Naman Sallah kam kada a wahalar da kai, ba a barin nama ya shigo ƙasar nan, a filin jirgi za a karɓe. Ku ci rabona.

Ga shi can ya fara motsi, bari in je kafin ya farka sosai. A gaishe da su Yaya da yaran gida da duk wanda ya tambaye ni. Umma, a ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
'Yarki