Takardar Koke Daga 'Yan Haya Kan Ƙarin Kuɗin Hayar Gidaje

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Masu Unguwanni,
Babban Birnin Tarayya, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya dace da kujerarka, mu talakawanka mazauna gidajen haya a unguwannin wannan gunduma, da suka haɗa da ƙananan ma'aikata, da malaman makaranta, da direbobi, da 'yan tireda, da iyaye mata masu riƙon marayu, muna kawo kukanmu gabanka kan yadda ake ƙara mana kuɗin haya ba shawara, ba wa'adi, kuma sau da yawa ba ko takarda. Yawancinmu tsadar cikin birni ce ta koro mu nan, muna sammako mu shiga aiki Garki ko Wuse mu dawo bayan magariba, ga shi yanzu abin da muka guda ya biyo mu har ƙofar ɗaki.

Ba mu zo mu ɓata masu gidaje ba. Mun san cewa tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na shekarar, siminti da rodi da kwano sun yi tashin gwauron zabo, kuma a cikin masu gidajen akwai dattawa 'yan fansho waɗanda hayar ɗakuna uku ko huɗu ce abincinsu. Mun kuma san cewa a cikinmu akwai masu cin bashin haya su ɓuya. Saboda haka ba mu ce kada a ƙara ba. Kukanmu a kan hanyar da ake bi ne, domin mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sanya wa hannu a watan Yuli 2024, ko bai ci bai sha ba abin da zai tara a shekara naira 840,000 ne, kuma irin wannan mutum ba a ce masa ya kawo ninkin haya cikin mako biyu.

Ranka ya daɗe, ga abin da idonmu ya gani. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da yara a ciki da falo, saura 'yan kwanaki shekararta ta cika, sai yaron dillali ya yi sallama ya ce mata daga baka haya ta ninka, ta biya ko ta kwashe kayanta, don akwai mai jira da kuɗi a hannu. Da ta roƙi a ɗaga mata ƙafa zuwa ƙarshen zangon karatu, washegari aka cire wayar wutarta, aka sa wa rijiyar gidan kwaɗo. Wani malamin firamare kuma ya dawo daga makaranta a tsakiyar damina ya tarar an ɗaye kwanon ɗakinsa da sunan gyara, katifa da littattafai duk sun sha ruwa. Babu ɗayansu da ya je kotu, domin wanda bai iya haɗa kuɗin haya ba ina zai samo na lauya?

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne doka ba ta yarda da wannan ba, mutane ne ba su san ta ba. Haya yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bayyana tun 1990, a shari'ar Udih da Izedonmwen, cewa mai gida ba ya ƙara haya shi kaɗai, ƙarin da ya faɗa tayi ne, sai ɗan haya ya amince kafin ya hau kansa. Idan bai amince ba, abin da mai gida yake da shi shi ne ya nemi gidansa ta hanyar da doka ta tsara. Dokar karɓar gida daga ɗan haya da ke aiki a Abuja ta ce, matuƙar ba a rubuta wani wa'adi dabam a yarjejeniya ba, mai biya mako-mako ana ba shi notis na mako guda, mai biya wata-wata na wata guda, mai biyan wata uku-uku na wata uku, mai biya shekara-shekara kuwa na wata shida. Bayan wannan wa'adi ya cika sai a ƙara masa takardar kwana bakwai, sannan a tafi kotu, kuma alƙali ne kaɗai zai ba da umarnin a fitar da shi. Cire ƙyaure da ɗaye kwano da watsar da kaya a titi duk ɗaukar doka a hannu ne. Malamanmu ma haka suka karantar da mu a babin ijara, cewa sai an ambaci farashi an yanke wa'adi, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alkawari.

Akwai wata dabara da ya kamata Mai Girma ya sani. Wasu dillalai suna rubuta yarjejeniya da Turanci cewa hayar ta shekara ɗaya ce tak, ɗan haya ya sa hannu ko ya dangwala bai san abin da ke ciki ba, alhali da wannan layi ɗaya ya rasa notis ɗin wata shida. A ganinmu dillali ya fi mai gida riba da tashin ɗan haya, tunda kowane sabon shiga zai biya la'ada, galibi kashi 10 cikin 100, da kuɗin yarjejeniya, da kuɗin ajiya na ɓarna wanda ba kasafai yake dawowa ba.

Inda dokarmu ta yi shiru shi ne yawan ƙarin. A Legas, sashe na 37 na dokar haya ta 2011 ya ba ɗan haya damar zuwa kotu ya ce ƙarin ya wuce hankali, alƙali ya duba yadda ake biya a unguwar, kuma ba a tayar da shi sai an gama shari'a. Dokar ta kuma hana karɓar fiye da hayar shekara guda gaba ɗaya. Mu a Abuja ba mu da majalisar jiha, Majalisar Tarayya ce ke yi mana doka, kuma ƙudirin da Sanata Smart Adeyemi ya kawo a 2022 don a rage kuɗin da ake karɓa tun farko a koma biyan wata-wata ya tsallake karatu na biyu amma bai zama doka ba.

Mun san Mai Girma ba ya yin doka, amma maganarka a unguwa tana isa inda takardar kotu ba ta isa. Don haka muke roƙo ka kira zama a fada wanda zai haɗa masu gidaje da dillalai da wakilan 'yan haya da limamai da fastoci, a cimma matsaya cewa duk mai son ƙara hayar shekara ya sanar a rubuce wata shida kafin ta cika, cewa ba a ƙari a tsakiyar wa'adin da aka riga aka biya, kuma cewa kowace yarjejeniya a karanta wa ɗan haya ita da harshen da yake ji a gaban mai unguwa, a ba shi kwafi da rasit. Muna roƙo a umarci masu unguwanni su riƙa sauraron saɓanin haya kafin ya kai ga faɗa, kuma duk wanda ya yanke wuta ko ya ɗaye rufi a kira shi fada a sa ya mayar. A namu ɓangaren mun ɗauki alkawarin tsawatar wa masu ƙin biya da masu lalata gidan mutane.

Muna kuma roƙon ka miƙa kwafin wannan takarda ga shugaban ƙaramar hukuma, da sanatan Abuja, da 'yan majalisar wakilai biyu na birnin, tare da shawarar a yi mana tanadi irin na sashe na 37 na Legas. Idan fada ta sa rana, wakilanmu za su zo da rasit da yarjejeniyoyi, da waɗanda abin ya faru a kansu, su yi bayani da bakinsu.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka,
'Yan hayar unguwannin wannan gunduma.