Wasiƙa Kan Bawul ɗin Salansar Motar Baba

Tudun Wada,
Kaduna.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma sanyin Jos bai matsa muku ba. Dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne in ba ka labarin motar marigayi Baba, wato Chevrolet Impala ɗin nan ƙirar 1964, domin Allah Ya sa mun gano abin da ke sa ta zafi da rashin ƙarfi duk lokacin da aka hau da ita hanyar Zariya.

Ka tuna yadda muka daɗe muna zargin lagireto, har muka wanke shi sau biyu a banza. Ashe matsalar tana ga wani ɗan bawul da ke gefen dama na injin, daidai inda bututun salansa ya haɗu da manifol, wato ƙarfen da ke tattaro hayaƙi daga injin. Idan injin yana da sanyi, wani naɗaɗɗen sifirin da aka yi da ƙarfe iri biyu ne ke riƙe faifan bawul ɗin a rufe, sai hayaƙi ya rasa mafita ya bi ta wata kafa da ke ƙarƙashin kafireto, ya ɗumama fetur domin ya ƙone da kyau, sannan ya fita ta ɗaya gefen. Da zarar injin ya ɗauki zafi sai sifirin ya saki, bawul ɗin ya buɗe. Dabara ce mai kyau ga mutanen Amurka masu fama da ƙanƙara, amma a zafin bazarar Kaduna ban ga amfaninta ba, musamman tunda namu tsatsa ta kama shi a rufe, na danna ɗan ƙarfen nauyin da ke jikinsa da dukkan ƙarfina bai ko motsa ba.

Cire shi ne ya ba mu wahala. Noti uku ne kacal ke riƙe da shi, amma shekaru da zafi sun sa sun zama kamar an yi musu walda. Kwana uku na yi ina ɗiga musu kananzir gauraye da baƙin mai, safe da yamma, sannan mai walda ya gasa su da wuta har suka yi ja. Biyu suka kunce suna ƙara. Na ukun, laifina ne, domin makanike ya ce in dakata, ni kuma na zura bututu a sifana na danna, sai kawai na ji ƙas, kusar da notin ke ɗaure a kanta ta karye a cikin manifol. Sai da muka cire manifol ɗin gaba ɗaya muka kai Panteka, inda aka huda guntun aka fitar da shi, aka yanka sabon zare. Gara haka da a ce ƙarfen zubin manifol ɗin ne ya tsage, don waldarsa sai gwani.

Abin da ban sani ba tun farko shi ne ba a jefar da bawul ɗin ɗungurungum, saboda kaurin gidansa yana cikin lissafin tsawon bututun, in babu shi salansar ba za ta zauna daidai ba. Don haka muka yanke faifan, muka zare sandar da yake juyawa a kanta, muka toshe hudojin biyu, muka mayar da gidan da sabon gaskit.

Yanzu tana amsa totur sosai, na kai ta har Jaji na dawo allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba. Da asuba kawai take ɗan tari kafin ta ɗumama, kuma na san da hunturu abin zai ƙaru. Saboda haka kai da ke Jos, in taka tana da irinsa, ka fara gwada sassauta shi kafin ka yi tunanin yankewa. Sifirin da sandar na adana su a gwangwani, ko za ka buƙace su.

Ka gaida Hajiya da yara.

Wassalam,
Amininka.