Ga mai son koyar da tauhidin Kirista da falsafar muhalli a jami'a

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Na karanta tambayar da wani matashi ya aiko wa filin ilimi na jaridarku, yana neman a nuna masa hanyar zama malamin jami'a mai koyar da tauhidin Kirista da nazarin addinai da falsafar muhalli. An ce masa ya shiga makarantar horar da fastoci, sauran zai biyo baya. Amsar nan ta gaza, kuma idan ya bi ta yadda take, sai ya ɓata shekaru kafin ya gane. Ina roƙon fili in cike abin da aka bari.

Fannoni uku ya ambata, kowanne da irin hujjar da yake karɓa. Mai tauhidi yana magana daga cikin bangaskiya: me Littafi Mai Tsarki da koyarwar ikilisiya suka ce game da Allah da halitta, kuma ta yaya maganar ta haɗu da juna. Mai nazarin addinai yana tsayawa gefe ya duba abin da mabiya suke faɗa da abin da suke aikatawa, da kayan aikin tarihi da nazarin zamantakewa, ba ruwansa da yanke hukuncin wa ke kan gaskiya. Mai falsafa kuwa ba a karɓar aya daga hannunsa a matsayin hujja. Sai ya kawo dalilin da mai addini da marar addini za su iya aunawa. Yawancin takardun ɗalibai da ake mayarwa, laifinsu ɗaya ne: sun fara da tambayar falsafa, suka rufe ta da aya, ko sun fara bayanin abin da wata ɗarika take yi, kafin shafi na biyar sun koma yi mata wa'azi. Makarantar fastoci tana koyar da tauhidi da kyau. Sauran biyun sai an neme su da gangan.

Ya kamata ya san inda muhawarar addini da muhalli ta samo asali, don da ita ake gwada duk mai neman aikin. A 1967 wani masanin tarihi ɗan Amurka, Lynn White, ya buga gajeriyar maƙala a mujallar Science, inda ya ɗora wa Kiristancin Yammacin Turai babban kaso na alhakin lalacewar muhalli. Hujjarsa ita ce an karanta umarnin Farawa 1:28, na mallakar duniya da mulki a kan halittu, a matsayin izinin yin yadda aka ga dama da ƙasa. Abin da masu ambaton sunansa ba su cika faɗa ba shi ne bai ce a yar da addini ba. Ya ce tunda tushen matsalar na addini ne, maganin ma na addini ne, ya kuma ba da shawarar a ɗauki Francis na Assisi, wani waliyyin Katolika da aka san shi da ƙaunar halittu, abin koyi. A 1979 Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana Francis ɗin waliyyin masu kula da muhalli. Tun bayan maƙalar White martani ya yi ta zuwa: masana tauhidi John Cobb a 1972 da Jürgen Moltmann a 1985, Majalisar Ikilisiyoyin Duniya a taronta na Vancouver a 1983, Bartholomew shugaban ikilisiyar Otodoks na Kustantiniya wanda ya ce a 1997 cutar da halitta zunubi ne, har zuwa wasiƙar Laudato Si' ta Paparoma Francis a 2015. Ta ɓangaren falsafa akwai Aldo Leopold a 1949 da Arne Naess na ƙasar Norway a 1973. Wanda zai koyar da nazarin addinai kuma ba zai tsaya a Kiristanci ba. Seyyed Hossein Nasr ya yi rubutu kan wannan batu ta mahangar Musulunci tun 1968, kuma tsakanin 1996 da 1998 an yi jerin taruka a Jami'ar Harvard, kowane addini da zamansa, ƙarƙashin jagorancin Mary Evelyn Tucker da John Grim.

Matakan karatun sanannu ne: digiri na farko na shekara uku ko huɗu, digiri na biyu na shekara ɗaya ko biyu (na hidimar ikilisiya a Amurka yakan kai uku), sannan digirin digirgir. A Birtaniya wannan na ƙarshen yakan ci shekara uku zuwa huɗu, kusan dukansa bincike ne, kuma kundin ba ya cika wuce kalmomi dubu 80 zuwa dubu 100. A Amurka ana fara shi da kusan shekara biyu na darussa da manyan jarrabawa kafin a taɓa kundin, shi ya sa yake kai shekara biyar zuwa bakwai. A Jamus, mai neman kujerar farfesa yakan ƙara rubuta wani babban littafi na biyu bayan digirgir. Shawarata ita ce kada matakan uku su kasance a fanni ɗaya. Idan na farkon tauhidi ne, na biyun ya zama falsafa ko kimiyyar muhalli. Holmes Rolston, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ɗa'ar muhalli a matsayin fannin jami'a, ya fara da kimiyyar fiziks, ya yi digirgir a tauhidi a Edinburgh, ya yi aikin fasto, sannan ya koma aji ya karanta falsafar kimiyya kafin ya kama koyarwa a Jami'ar Jihar Colorado a 1968.

Harsuna su ne wurin da mutane suka fi sarewa. Ana buƙatar Ibrananci don Tsohon Alkawari da Helenanci don Sabon Alkawari, kuma kowanne yana son shekara guda ta nahawu da wata shekarar ta karatu kafin mutum ya iya zama da nassi shi kaɗai. Mai aiki a kan magabatan malaman ikilisiya irin Augustine ko Thomas Aquinas sai ya ƙara Latin. Jami'o'i da yawa kuma suna jarraba ɗalibin digirgir a karanta Jamusanci da Faransanci. Taura biyu ba ta taunuwa: a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, minti talatin kullum, tun daga digiri na farko. Wanda ya bar su sai ya shiga digirgir, shekarar da ya kamata ya yi yana rubutu zai ƙare ta yana haddar jadawalin aikatau. Amfaninsu a fili yake. Duk gardamar da White ya tayar tana rataye ne a kan yadda za a haɗa Farawa 1:28 da Farawa 2:15, inda aka sa mutum cikin gona ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Wanda ya dogara da fassara kawai, ra'ayin mai fassara yake koyarwa bai sani ba.

Sai kimiyya, kuma a nan nake ganin masu tauhidi sun fi sakaci. Ba a ce ya zama masanin yanayi ba, amma ya ɗauki aƙalla darasi guda na kimiyyar muhalli da guda na ƙididdiga, ya iya karanta taƙaitaccen rahoton kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi. Ya san cewa iskar kabon a sararin sama ta tashi daga kusan kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau. Ya san cewa hujewar rufin ozon, wato iskar saman sararin sama da ke tare hasken rana mai cutarwa, wanda aka yi yarjejeniyar Montreal a kansa a 1987, daban yake da ɗumamar duniya da aka yi yarjejeniyar Paris a kanta a 2015. Malamin da ya cakuɗa waɗannan biyun a gaban aji, idan akwai ɗalibin kimiyya ko da guda a ciki, ya rasa amincewar ajin har ƙarshen zango, kuma abin takaicin shi ne za su raina tauhidin tare da shi.

Wajen zaɓen batun kundi, kuskuren da aka saba shi ne faɗi. «Kiristanci da sauyin yanayi» sunan ɗakin karatu ne gaba ɗaya, ba wanda zai gama shi. Batun da ake iya gamawa shi ne, misali, yadda wani malami guda ya fassara dokar hutar da gona a shekara ta bakwai a Littafin Firistoci sura 25, da abin da fassararsa ta kasa amsawa. Ko kuma dalilan da limaman ikilisiyar Otodoks ta Habasha suke bayarwa na kare kurmin da ke kewaye da majami'unsu, wanda a wurare da dama shi ne ragowar tsohon dajin yankin. Na biyun yana buƙatar harshen Amharik, da izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin a yi hira da kowa, da watanni a wurin. A nemi malamin da zai duba kundin kafin a nemi jami'a: a karanta abin da ya rubuta, a tambayi tsofaffin ɗalibansa ko yana dawo da babi da gyara cikin wata guda. Jami'a mai suna da mai duban da ba ya karanta aiki ba za ta amfane shi da komai ba.

Kafin ya kammala, ya yi ƙoƙari ya fitar da maƙala ɗaya ko biyu a mujallar da masana ke tantancewa. Tsawonsu yakan kama daga kalmomi dubu 6 zuwa dubu 9, masu tantancewa biyu ne galibi, ba su san sunansa ba, kuma amsa takan ɗauki watanni. Idan aka ce ya gyara ya sake aikowa, wannan labari ne mai daɗi. Ya amsa kowace suka ɗaya bayan ɗaya a takarda daban. Ya guji mujallun da ke aiko da wasiƙar yabo suna alkawarin bugawa cikin mako biyu idan an biya kuɗi, domin kwamitin ɗaukar aiki ya san su, kuma ganinsu a takardunsa zai rage masa daraja.

Wuraren aiki iri biyu ne, kuma dole ya san wanda yake shiga. Makarantar ikilisiya takan sa malami ya sa hannu a kan bayanin bangaskiyarta, kuma saɓa masa na iya raba shi da aikin. A tsarin Katolika ana buƙatar izinin hukumar ikilisiya don koyar da tauhidi da sunanta. An janye wa Hans Küng, wani masanin tauhidin Katolika, nasa a 1979, ya ci gaba da zama a Jami'ar Tübingen amma a wajen tsangayar tauhidin Katolika. Jami'ar gwamnati kuwa tana ba da 'yancin bincike, amma a sashen nazarin addinai ba a yarda malami ya mai da aji dandalin kira zuwa ga addininsa ba. Guraben dindindin kaɗan ne a ko'ina, masu digirgir sun fi su yawa, kuma da wuya a ga tallar aikin da ta ce tauhidin muhalli kawai. Ana ɗaukar wanda zai iya koyar da gabatarwar ɗa'a, da tarihin ikilisiya, da addinan duniya ga 'yan shekarar farko, sannan a ba shi darasi guda a fanninsa.

A cikin aji, akwai tambayar da take zuwa kusan kowane zango. Ɗalibi zai ɗaga hannu ya buɗe 2 Bitrus 3:10, ya ce tunda duniya za ta ƙone, mene ne amfanin dasa itace? Malamin da bai ƙware ba zai yi masa faɗa ko ya kauce. Wanda ya ƙware zai sa shi ya karanta har aya ta 13, inda ake zancen sabuwar sama da sabuwar ƙasa, ya buɗe masa Romawa 8:19-22, inda halitta kanta take jiran 'yanci, sannan ya raba ajin gida biyu, kowane ɓangare ya kare karatun da bai yarda da shi ba. Haka ma a darasin falsafa: a kawo labarin awakin da mutane suka kai tsibiran Galapagos na ƙasar Ecuador, suka cinye ciyayin da manyan kunkuru ke rayuwa a kai, har aka kashe dubbansu don a ceci tsibiran. Wanda ya ce ran kowace dabba yana da daraja da wanda ya ce lafiyar muhallin gaba ɗaya ce gaba, dukansu masu kishin halitta ne, ga shi sun rabu. Maki yana kan ƙarfin hujja, ko da ɗalibin ya ƙare a matsayar da malamin bai yarda da ita ba.

Ina roƙon ku isar wa matashin nan da wannan, kuma idan irin tambayar ta sake zuwa, ku tuntuɓi mai koyarwa a makarantar ikilisiya da mai koyarwa a jami'ar gwamnati, ku buga amsoshinsu biyun tare.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Daga mai karanta jaridarku, malamin tauhidi da ɗa'a.