Maƙwabtan bariki a Zariya: wane haɗari ne namu?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai albarka kan wata magana da take yawo a majalisu da wayoyin mutanen Zariya tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, wai duk garin da ke da barikin soja yana cikin jerin wuraren da za a jefa wa makamin nukiliya. Masu faɗin haka suna lissafo Daffo na horar da ƙananan sojoji, wanda ke nan tun 1924, da makarantar yara ta soja, da barikin Basawa, da Jaji a hanyar Kaduna. Wasu har su ƙara da injin nukiliya na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.

Ƙasashen da suka mallaki wannan makami sun fi auna wuraren da abokin gaba ya ajiye irinsa ne, kamar ramukan makamai masu linzami 400 da Amurka ta baza a jihohin Montana da Dakota ta Arewa da Wyoming da kewaye, ko tashar jiragen ƙarƙashin teku ta Faslane a Birtaniya. Mazauna can suna da hujjar fargaba. Najeriya ba ta da makamin, ba ta ajiye wa kowa, kuma tana cikin yarjejeniyar Pelindaba ta 1996 da ta haramta shi a Afirka. Filin fareti da ɗakunan kwanan kurata ba abin da za a ɓata wa irin wannan makami ba ne. Injin Samaru kuwa na bincike ne, ya fara aiki a 2004, ƙarfinsa kimanin kilowat 30, wato wutar dutsen guga talatin. A 2018 aka canza masa makamashi zuwa mai rauni, aka mayar da na farkon Chaina. Ƙirarsa ba ta fashewa irin ta bam.

Haɗarin da ke kusa da maƙwabcin bariki a nahiyarmu shi ne rumbun harsasai. Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002 gobara ta kai ga ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja a Legas, mutane fiye da 1,000 suka rasu. Abin lura, akasarinsu ba wuta ko ɓaraguzai suka kashe su ba. Gudu suka yi cikin duhu, suka afka magudanar ruwa ta Oke-Afa wadda ciyawa ta rufe samanta, na baya suna tura na gaba, kuma da yawansu yara ne. A Bata ta ƙasar Ikwatoriyal Gini, ranar 7 ga Maris 2021, fiye da mutum 100 suka mutu a fashewar da ta auku a barikin soja, gwamnatin ƙasar ta ce wutar da manoma suka sa wa gonaki ce ta isa inda aka jibge nakiyoyi. Duk wanda ya san yadda ake cinna wa ciyawa wuta da rani a nan, don sharar gona ko farautar gafiya, ya san darasin ya shafe mu. Kada a sa wuta a jikin wayar bariki, komai ƙanƙantarta.

Idan rumbu ya tashi aka ga haske mai ƙarfi, ƙara na tafe a baya. Sauti yana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, saboda haka mai nisan kilomita biyu yana da daƙiƙa shida. Yawancin mutane suna ɓata su wajen leƙa taga, kuma gilashi ne ke yanka fuska da ido. A kwanta rub da ciki a gindin bango nesa da taga, a rufe kai da hannu, a ɗan buɗe baki saboda kunne. Rumbun harsasai ba ya tashi sau ɗaya ya ƙare, yakan yi sa'o'i yana watso abin da ke cikinsa. Ƙa'idar 'yan kwana-kwana a gobarar manyan abubuwan fashewa ita ce a janye mutane aƙalla mita 1,600 ta kowane ɓangare. Wanda gidansa ke cikin wannan tazara ya fita a ƙafa, ta titin da ya sani, ya ba wa wurin baya, ya riƙe yaro a hannu ko a goya shi. Mota da Keke Napep toshe hanya suke yi. Wanda ke nesa ya zauna cikin ɗaki, don fitarsa cunkoso kawai za ta ƙara. A Zariya abin gudu da dare shi ne kogin Kubanni, da kududdufan da ke bayan gidaje, da gada inda hanya ke matsewa. Ya kamata kowane mai gida ya nuna wa iyalinsa hanya biyu da rana tsaka, ya kuma sa wurin haɗuwa ɗaya, masallacin Juma'a ko makaranta, saboda layin waya yakan cushe a irin wannan lokaci.

Bayan ƙura ta lafa sai haɗari na biyu: harsasan da suka faɗo ba su tashi ba. Zafi da jifa sun riga sun taɓa kunamarsu, motsi kaɗan ya isa. Yara da 'yan gwangwan su ne suka fi shiga wannan tarko, saboda tagullar da ke jiki tana da kuɗi. Kada a ɗaga, kada a zuba ruwa, kada a binne. A sa alama daga nesa, a tsare wurin, a gaya wa mai unguwa da 'yan sanda, ko a kira 112.

Duk da haka ba za mu ce sanin kariya daga ƙurar nukiliya, wato ƙurar da ke sauka bayan fashewar makamin, ba shi da amfani ba, don iska ba ta san iyakar ƙasa ba. Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairun 1960, kuma gwaje-gwajen nan ne suka sa gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. Daga wannan hamada hunturunmu yake busowa.

A nan dokar ta sha bamban da ta rumbu: shiga ake yi, ba gudu ba. Ƙarfin tururin ƙurar, wato haskenta mai cutarwa da ido ba ya gani, yana raguwa da sauri. Bayan sa'a 7 ya koma kashi ɗaya cikin goma na yadda yake a sa'ar farko, bayan kwana biyu ɗaya cikin ɗari, bayan mako biyu ɗaya cikin dubu. Shi ya sa ake cewa a zauna ciki aƙalla sa'a 24 ana sauraron rediyo. Abu mai nauyi ne ke tare tururin. Kusan kowane santimita 9 na daɓaɓɓiyar ƙasa yana rage shi da rabi, don haka bangon ƙasa mai kaurin rabin mita irin na tsofaffin gidajen cikin birni yana rage shi fiye da sau arba'in. Matsalar tana sama. Ƙurar a kan rufi take sauka, kwano kuma ba ya tare komai. Soron ƙasa mai azara, ko ɗakin tsakiya a ƙasan bene mai dakin na kankare, ya fi sabon gida mai kwano da silin nesa ba kusa ba. Wanda ya shigo daga waje ya tuɓe rigar sama a zaure ya ƙulle ta a leda, wannan kaɗai yana cire har kashi 90 cikin ɗari na ƙurar, sannan ya yi wanka da sabulu ba tare da dirza fata ba. A rufe rijiya da randa. Abincin da ke cikin buhu ko rufaffen kwano lafiyarsa lau. Ƙwayar ayodin da ake ta yabo maƙogwaro kaɗai take karewa, daga sinadari ɗaya tak, kuma shan ta ba umarnin likita yana iya cutarwa.

Tanadin duka biyun ɗaya ne, kuma ba tsada: rediyo mai batir, tocila, takardun gida cikin leda, maganin masu hawan jini da ciwon suga, da ruwa lita 4 ga kowane mutum a rana. Gida mai mutum goma yana buƙatar jarka biyar masu lita 25 don kwana uku.

Kiranmu ga hukumar agajin gaggawa ta Jihar Kaduna da ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari shi ne su zauna da shugabannin barikoki da hakimai, a fitar da hanyoyin fita na unguwannin da suka manne wa bariki, a sa jiniya da kowa ya san ma'anarta, a sanar da tashar rediyon da za a kama. Hukumar tsara birane kuma ta dubi gine-ginen da suke cin filin da aka bari tsakanin wayar bariki da gari, don ba banza aka bar shi ba. A gwada shirin sau ɗaya a shekara a makarantun firamare da na allo, kafin shigowar hunturu.

Wassalam.

Daga wasu malaman kimiyya da ma'aikatan lafiya,
Samaru, Zariya.